Saran Tsawa a Gindin Bishiyar Yunsa

Duk wanda ya taɓa shiga keken hayar Rigoberto daga bakin titi zuwa saman tudun unguwar, a can gefen birnin Lima, ya san abu biyu. Kujerar baya tana cizon cinya, kuma direban shi ne sarkin Takobin Tsawa. Na farkon jikinka ne zai gaya maka. Na biyun kuwa Rigo ne zai gaya maka, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba, yana tuƙi da hannu ɗaya yana saran iska da ɗayan.

Takobin Tsawa wasan bidiyo ne mai zane irin na 'yan Japan: idanu manya kamar faranti, hanci ɗan ɗigo, gashi shuɗi a miƙe tsaye kamar an tsorata shi. Jarumin wasan yana bin dodanni gari-gari yana sara. Rigo ya ajiye na'urar wasan a falo, ƙarƙashin hoton aurensu, ya lulluɓe ta da ƙyallen da matarsa Nelida ta saƙa don teburin cin abinci.

"Neli, zo ki ga yadda iska ke kaɗa gashin nan," in ji shi wata rana. "Sili-sili. Ji kiɗan kuma. Mutum ya danna maɓalli ɗaya, allo ya kama da wuta."

Nelida ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Tun da na ɗora dankali a wuta, mai gashin nan yake magana. Dankali ya nuna, shi bai rufe baki ba. Ba a wuce wajen ne?"

"Ba a tsallake shi. Haka suka yi abin. Ai ladabi ne a bar jarumi ya gama maganarsa."

"To ka ce masa in ya gama, akwai shara a bakin ƙofa."

Da abin ya tsaya a falo, da an zauna lafiya. Amma wata Lahadi Rigo ya rungumi na'urar ya tsallaka titi zuwa shagon Celestino mai aski, wai talabijin ɗin shagon ta fi girma, kuma bai kamata baiwa irin tasa ta ƙare a gaban mace da ludayi ba. Shagon cike yake. Rigo ya jona wayoyi, ya dubi jama'a, ya ce wanda ya gaji da mutuncinsa ya fito.

Celestino ya ajiye almakashi, ya bar wani da rabin kai a aske, ya karɓi abin dannawa ya juya shi sama da ƙasa. "Wanne ne na duka, maƙwabci?"

"Wannan na ƙasa, shuri ne kawai. Na yara ne. Kai dai tsaya ka ga Saran Tsawa."

Saran Tsawa shi ne abin alfaharin wasan, kuma gaskiya yana da kyau. Jarumi zai kafa ƙafafu, ya ɗaga takobi, ya ja ihu mai tsawo, sama ta yi duhu, furanni su fara zubowa daga inda ba wanda ya sani. Aibinsa ɗaya: duk tsawon wannan hidima a tsaye yake ƙiƙam kamar turke. Celestino ya zaɓi wani ɗan tsoho mai sanda a cikin wasan, ya tako a hankali, ya shuri jarumin a ƙauri. Furanni suka ɗauke. Rigo ya sake farawa. Shuri. Ya sake. Shuri. Can suka matsu a lungu, kyamarar wasan ta rikice ta shige bayan bango, jama'a suka zauna suna kallon wani tulu a allo, suna jin jarumin Rigo yana kuka a wani wajen da ba a gani.

"Ina kake ne, maƙwabci?" in ji Celestino, yana ci gaba da danna maɓallinsa ɗaya. "Ko ka shiga tulun?"

"Matsalar kyamara ce. Kowa ya san kyamarar wasan nan ba ta son lungu."

"Ni ma ban ga komai ba, amma ƙafata tana samun wani abu."

Mai rabin kai ya yi dariya har ya zame daga kujera. Kafin yamma, yara na bin keken Rigo suna kiran "Tulu, Tulu."

Ana cikin haka lokacin bikin yunsa ya zo. An kawo bishiyar turare an kafa ta a tsakiyar filin ƙwallo, an rataye mata robobin wanki, bokitai, ludaya, balan-balan, da bargo mai hoton damisa a can ƙololuwa. Ranar biki za a kewaye ta da rawa bibbiyu, adda na yawo hannu zuwa hannu, kowa ya yi sara ya miƙa wa na bayansa. In ta faɗi a yi wawar kayan. Wanda kuwa ta faɗi adda na hannunsa, bikin baɗi gaba ɗaya a wuyansa yake: bishiya, kaya, makaɗa, abinci da abin sha. Shi ya sa in an zo ƙarshe za ka ga ƙato mai sungumar buhun siminti yana shafa wa bishiyar adda kamar mai shafa bota a biredi.

Rigo ya tsaya a taga yana kallon bishiyar, sai dabara ta faɗo masa.

"Neli, na gama da Celestino."

"Ka bar mini mutumin nan ya huta."

"Saurara. A wasan akwai saran da kake bar wa dodo ɗigon rai kaɗai. Ni na ƙware a kansa. Zan tsaya a gaban Celestino a layi, in yi wa bishiyar saran da zai bar ta a tsaye kan zare ɗaya, in miƙa masa adda. Ko tari ya yi, ta faɗi. Baɗi sai ya aske unguwar nan da karnukanta kafin ya biya makaɗa."

Nelida ta goge hannu a jikin siket, ta zo ta tsaya a gabansa. In ta kira cikakken sunansa, to ba wasa. "Rigoberto, dube ni nan. In bishiyar can ta faɗi adda na hannunka, akwatin nan naka shi ne kyautar farko da zan rataye a bishiyar baɗi. A wajen bargon damisa."

Rigo ya dubi na'urar a ƙarƙashin ƙyallenta. Sai kuma ya tuna da tulu. "Ba zai kai ga haka ba. Kin taɓa ganin na yi kuskure?"

"Kana son jerin da safe ko da yamma?"

Washegari ya ari adda ya hau rufin gida don atisaye. Rufin cike yake da shanya, igiyoyin maƙwabta sun ratsa ta ko'ina. Ya kafa tsohuwar tsintsiya a cikin bokitin yashi, ya ja baya, ya ɗaga adda, ya yi ihun jarumi. Karnukan rufin duk layin suka amsa. Ya rufe ido ya kai sara.

Tsintsiyar ko girgiza ba ta yi ba. Igiyar shanyar maƙwabciyarsu, Doña Fortunata, ce ta tsinke. Manyan fatarinta masu kala-kala suka tashi sama kamar tutoci, suka sauka a titi, ɗaya ya rufe kan mai tallar biredi, ya shige da kekensa cikin tarin yashi yana busa ƙahonsa daga cikin fatari.

Doña Fortunata ita ce mai bikin bana, don bara bishiya a hannunta ta faɗi, kuma tun daga lokacin ba ta yafe wa kowa ba. Ta fito rufinta, hannu a ƙugu. "Ɗan nan, me fatarina ya yi maka?"

"Inna, a yi haƙuri. Matsalar saiti ce. A wasan ma haka yake yi, ka nufi dodo, takobi ya zaɓi abin da ke gefe."

"Sauka ka kwaso min kayana kafin ni ma saitina ya zaɓi kanka."

Ya sauka ya kwaso, yana gaya wa mai biredi cewa ya yi sa'a da rabin ƙarfi aka yi saran.

Sai maganar shiga. Rigo ya ce ba a Saran Tsawa da kan talaka. Ya sayo ulu shuɗi, ya ɗinke shi a kan tsohuwar hula, ya kafar da shi tsaye da sitaci da ruwan sukari, ya shanya a rana har ya bushe ƙamas. Ya yi wa addar kube da kwali. Ranar biki da ya ɗora gashin, ya kasa shiga kekensa, rufin ya hana. Dole suka taka a ƙafa, Nelida a gaba da nisa kamar ba tare suke ba, shi a baya, ƙudan zuma biyu-uku na rakiyar sukarin.

Filin ya cika maƙil. Masu bushe-bushe sun kumbura kumatu, mai garaya na gefe, fuskokin mutane fari fat da hoda, wuyansu cike da zaren takarda mai kala. 'Yan mata sun hau katanga da bokitan ruwa suna jiran wanda tsautsayi zai kawo. Da Rigo ya shigo, rawar ta ɗan karkace, don kowa ya waiwayo.

Ya ja Nelida suka kutsa layi, ya ture wasu, ya taka wata, har ya iso daidai gaban Celestino da matarsa. Ya shirya wa gardama, sai Celestino ya ja baya ya buɗe masa hanya.

"Shigo, maƙwabci, shigo. Ni ina son ganin bayan kan nan. A matsayina na mai sana'a."

"Kalla da kyau. Baɗi kai ne za ka ciyar da mu."

"Wa ya yi maka shi? Ina so in san wanda zan kai ƙara."

Aka yi ta zagaye. Adda ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa. Rigo yana ɗan taɓa bishiyar kawai, wai yana auna sauran ranta. Saran ya yi zurfi, gindin ya zama kamar ƙugun zanzaro, robobin sama suka fara rawar kansu ba iska. Maza suka koma shafa bota. Addar ta iso hannun Nelida, ta ɗan sumbaci ɓawon da bakin ƙarfen, ta miƙa wa mijinta tana magana ta tsakanin haƙora.

"Taɓa ka miƙa."

Rigo ya karɓa, ya ɗaga wa makaɗa hannu su yi shiru. Makaɗan suka ɗauka kirari yake so, suka ƙara ƙarfi. Bai damu ba. Ya nuna bishiyar da tsinin adda ya fara jawabi. Ba wanda ya ji farkonsa, amma na kusa sun tsinci cewa shi maraya ne daga ƙauyen da dodanni suka ƙone, alhali mahaifiyarsa na zaune a inuwa tana cin gasasshen nama.

"Me yake cewa?" in ji tsohuwar.

"Wai kin rasu, Inna," in ji Celestino.

"Ka ce masa ya zo ya karɓi kwanonsa kafin in tashi."

Da jawabi ya ƙare, Rigo ya kafa ƙafafu, ya ɗaga adda sama da hannu biyu, ya ja ihun tara ƙarfi. Ya ja shi, ya ja shi, jijiyar wuya ta fito. 'Yan matan katanga suka dubi juna. Tun safe suke neman wanda zai tsaya musu wuri ɗaya, ga shi Allah ya kawo. Bokiti guda ya sauka a kansa, na biyu ya biyo.

Sitaci bai san jarumta ba. Gashin ya yi laushi, ya sunkuyo, ya kwanta a fuskarsa shaɓe-shaɓe kamar dafaffiyar taliya, shuɗin rini na bin haɓarsa. Rigo ya juya don ya girgije shi, ya sake juyawa, ya rasa gabas da yamma. Jama'a suka watse baya.

"Kyamara ta shiga lungu," in ji Celestino da muryar mai sharhin ƙwallo. "Jama'a, a ɓoye tuluna."

Rigo ya ji wani abu dogo a gabansa ya kai masa sara. Sandar lasifika ce. Mai sanarwa yana cikin gode wa Doña Fortunata, muryarsa ta sunkuyo a hankali ta shige cikin tukunyar miyar gyaɗa.

Nelida ta yi wuf ta riƙe hannun mijinta. "Shi ke nan, ya yi saransa. Kowa ya gani. Maƙwabci Celestino, karɓi adda."

"Maƙwabciya, a garinmu bishiya ake sara."

"Sandar ma ai da can bishiya ce."

Mutane suka fara gardama, wasu na cewa sara sara ne, kuma da alama Nelida za ta yi nasara. Sai Rigo ya yaye taliyar daga ido ɗaya ya ce, "Wa ya ce wannan ne saran? Wannan gwaji ne."

"Ka ji ɗan albarka," in ji Doña Fortunata. Ta zo da kanta ta kama kafaɗunsa, ta juya shi ta saita shi da bishiyar, har tana share masa fuska da gefen mayafinta. "Ga ta nan, ɗana. Kar ka ji tausayinta."

Abin da ba a faɗa game da Rigo shi ne yana da ƙarfi. Mutumin da kullum yake tura keke a hawan tudu ba ya rasa damtse. Addar ta yi walƙiya a rana, ta shige gindin bishiyar, ta fito da ɓawo ya yi tsalle har kan mai garaya.

Bishiyar ta girgiza tun daga gindi har bargon damisa. Bokitai suka yi ta karo da juna. Ta ɗan karkata, ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sannan ta tsaya.

Makaɗa suka yi shiru ba wanda ya sa su. Bishiyar nan a tsaye take a kan abin da bai fi kaurin yatsa ba. Dabarar Rigo ta ci, ta ci fiye da yadda shi kansa ya zata. Celestino, duk da hodar da ke fuskarsa, sai da aka ga ya ƙara fari. Doka ce in an miƙo maka adda ka karɓa, don haka ya fito da hannu a sanyaye, matarsa na mintsininsa a baya.

Taku ɗaya ne tsakaninsu. Rigo ya miƙa hannu kawai, na'urarsa ta tsira, Celestino ya shiga uku.

Amma a Takobin Tsawa ba haka ake gamawa ba. In jarumi ya yi saran ƙarshe, juya wa dodo baya yake yi, ya durƙusa a gwiwa ɗaya, ya yarfe takobi, ya mayar da shi kube a hankali yana faɗin kalmomin bankwana. Rigo ya kalli wannan wajen sau ba adadi, kuma bai taɓa samun jama'a masu yawa haka sun yi masa shiru ba. Ya juya baya. Ya durƙusa.

"Rigoberto," in ji Nelida a hankali, don kar muryarta ta kayar da bishiyar. "Miƙa masa."

"Iskar gabas ta shaida," in ji Rigo da murya mai kauri, yana yarfe adda.

"Miƙa masa addar nan."

"Neli, wannan wajen ba a tsallake shi."

Jini ya dawo fuskar Celestino. Ya mayar da hannunsa aljihu. "Kar ki katse shi, maƙwabciya. A bar jarumi ya gama maganarsa."

Rigo ya kai bakin adda ga kube. Kuben kwali ne, kuma ya sha bokiti biyu. Ya lanƙwashe. Ya miƙar da shi, ya sake gwadawa, ya sake lanƙwashewa. Bishiyar ta yi wata ƙarar a bayansa. Wata roba ta faɗo ta gangara. Nelida ta kai hannu za ta fizge addar, ya kauce mata da kafaɗa, ya hura kuben ya buɗe, ya zura ƙarfen sannu-sannu har ƙota.

"Ka huta lafiya, abokin gaba," in ji shi.

Bishiyar ta ji. Ta taho gaba ɗayanta ta zube a bayansa, rim, ƙura ta tashi, balan-balan suka fashe, zaren takarda da ganye suka yi ta zubowa a kansa kamar furannin nan na wasan. Ko gezau bai yi ba. Tsakani da Allah, tun da ake yunsa a unguwar ba a taɓa ganin faɗuwa mai kyan wannan ba.

Jama'a suka yi kan kayan, kowa na wawar abin da ya samu. Rigo ya miƙe, fuska shuɗiya, baki har kunne. "Kun gani? Daidai da yadda yake a wasan. Celestino, ka gani? Ko waiwaye ban yi ba."

"Na gani, maƙwabci. Ban taɓa ganin irinsa ba. Me ke rataye a ƙugunka?"

Rigo ya duba ƙugunsa. Kafin ya ɗago, Doña Fortunata ta rataya masa zaren takarda a wuya, ta sumbace shi a kumatu biyu duk da rinin, ta ɗaga hannunsa sama. Makaɗa suka ɓarke da kiɗan mai bikin baɗi. Shugabansu ya matso yana busa, ya cire bakinsa daga abin busar ya ce masa su fa ba sa cin kifi, kaza suke so. Mahaifiyarsa ta aiko a gaya masa, tunda ta rasu, kar ya sa ran gudummawarta.

Celestino ya fito daga cikin rassan da bargon damisa a kafaɗa. "Maƙwabciya, baɗi a wane reshe za ki rataye akwatin? Ina so in san inda zan tsaya."

 Nelida ta kama mijinta ta gefen riga suka nufi gida, ƙudan zuman na biye.

A falo ta yaye ƙyallenta ta mayar da shi kan teburin cin abinci. Ta zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe na'urar a takardar kyauta, ta ɗaure da kirtani, ta hau kujera ta ɗora ta a saman kabad. Rigo na tsaye a tsakar ɗaki, rini na ɗiga a kan takalminsa.

"Amma dai saran ya yi kyau, Neli."

"Ya yi kyau ƙwarai."

"To ai baɗi da nisa. Shekara guda cur. Ki bar min shi in riƙa ɗan taɓawa kafin lokacin, sai mu tsallake wannan ajiyar."

Nelida ta sauko daga kujera, ta miƙa masa bokitin shara.

"Wannan wajen," in ji ta, "ba a tsallake shi."